Me ya sa dazuzzukan fayin ke mutuwa ko bayan fari ya wuce?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a sashen nazarin gandun daji. Na ga hotunan tsaunukan Kalifoniya da na Jamus inda itatuwa masu ganyen allura suka yi jajur tun daga gindin dutse har samansa, aka ce fari ne ya kashe su. Alhali an koya mana cewa irin waɗannan itatuwa sun fi masu faffaɗan ganye jure rashin ruwa. Ta yaya fari ke hana su girma, mene ne ainihin abin da ke kashe su, kuma me ya sa wasu sai bayan ruwa ya dawo suke mutuwa?

Amsa: Abin da aka koya muku gaskiya ne, sai dai bai cika ba. Fayin (pine) da sifurus (spruce) da al'ul (cedar) da junifa (juniper) da danginsu suna da jikin da ya fi na yawancin itatuwa jure ƙishirwa, amma idan jikin nan ya lalace ba sa iya gyara shi da sauri. Ba kasafai fari shi kaɗai ke kashe babbar bishiya a shekarar da ya faɗo ba. Kassara ta yake yi, wani abu ya zo daga baya ya ƙarasa. Abubuwan da ke raba wadda za ta rayu da wadda za ta mutu su ne zafin da ya zo tare da farin, da yawan bishiyoyin da ke rabon ruwan wuri ɗaya, da ƙwaron da ke shiga ƙarƙashin ɓawo. Bari mu fara daga cikin jikin bishiyar, domin duk sauran bayanin a kansa ya tsaya.

Yadda ruwa ke hawa, da yadda yake tsinkewa

Bishiya ba ta da famfo. Ganyenta na da ƙananan kafofi da take buɗewa don shaƙar iskar kabon da take haɗa sukari da ita, kuma duk lokacin da kafofin ke buɗe ruwa na fita a matsayin tururi. Wannan fitar ce ke janyo ruwa daga saiwa zuwa sama ta cikin katakon da ke kusa da ɓawo. A itatuwa masu ganyen allura, hanyar ruwan ba dogon bututu ɗaya ba ne. Ƙananan ƙwayoyi ne dogaye, kowace ba ta wuce 'yan milimita ba, jere kan jere, ruwa na ratsawa daga wannan zuwa waccan ta wasu ƙananan ramuka masu murfi. Ruwan a ja yake, ba a tura ba. Ana auna ƙarfin jan da megafaskal, kuma megafaskal 1 daidai yake da nauyin ruwa mai tsayin mita 100. Ke nan bishiya mai tsayin mita 50 tana ɗauke da ƙarin ja na rabin megafaskal a ƙololuwarta saboda tsayi kawai, tun kafin a yi maganar bushewar ƙasa.

Da ƙasa ta bushe, iska kuma ta yi zafi, sai jan ya tsananta har iska ta kutsa cikin ƙwayar ruwan. Duk wanda ya taɓa zuƙo fetur daga tanki da tiyo ya san abin da ke biyo baya: iska na shiga, gudu ya tsaya. Murfin ramukan nan aikinsa shi ne ya toshe ƙwayar da iska ta shiga don kada ta yaɗu zuwa maƙwabtanta, kuma yana yin aikin sosai, shi ya sa waɗannan itatuwa ke jure jan da zai kashe wasu. Amma ƙwayar da ta cika da iska galibi ta tashi daga aiki ke nan. Bishiyar ba ta da yadda za ta maido da ita sai ta gina sabon katako, gina katako kuma shi ne abin da fari ya fara hanawa. Gwaje-gwaje a kan nau'o'i da dama sun nuna cewa idan bishiyar ta rasa rabin hanyoyin ruwanta ko fiye, farfaɗowa na yin wuya ƙwarai, ko da ruwa ya sauka.

Zafi na da muhimmanci a nan fiye da yadda mutane ke zato. Duk ƙarin digiri 1 a ma'aunin Selsiyos na ƙara wa iska ikon ɗaukar tururi da kusan kashi 7 cikin ɗari. Don haka fari biyu masu ƙarancin ruwan sama iri ɗaya ba sa yin ɓarna iri ɗaya. Wanda ya fi zafi ya fi tsotse ganye da ƙasa.

Gaba kura, baya sayaki

Bishiya na da mafita ɗaya nan take: ta rufe kafofin ganyenta. Ta rufe, ruwa ya daina fita, amma kabon ma ya daina shiga, sukari ya tsaya. Ita kuwa numfashi ba ta daina yi ba, kuma zafi na ƙara yawan abin da take ƙonawa, sai ta koma cin sitacin da ta ajiye a saiwa da gangar jiki. Ta bar kafofin a buɗe kuma, tana samun abinci amma hanyoyin ruwanta na tsinkewa.

An ga wannan ƙarara a kudu maso yammacin Amurka a farin 2002 zuwa 2003. A jihohin Niyu Meziko da Arizona da Kolorado da Yuta akwai daji mai faɗi inda wani gajeren fayin, Pinus edulis, ke zaune kafaɗa da kafaɗa da junifa. Fayin ɗin mai saurin rufe kafofi ne: da jan ya kai wajen megafaskal 2 sai ya kulle. Junifa kuwa katakonta na jure ja mai tsanani ninki-ninki, tana ci gaba da ɗan aiki a ƙasar da ta bushe ƙamas. A wasu wurare fiye da kashi 90 cikin ɗari na fayin ɗin suka mutu, junifa mafi yawanta ta tsira. Farin shekarun 1950 a yankin ya kai wannan ƙarancin ruwa, amma na 2002 ya fi zafi, mutuwar ma ta fi faɗi. Masana sun daɗe suna jayayya a kan ko ƙishirwa ce ke kashewa ko yunwa. A ganina jayayyar ta fi amfani a ɗakin gwaji fiye da cikin daji. Lalacewar hanyoyin ruwa kusan kullum ana samunta a bishiyar da ta mutu. Ƙarewar ajiyar abinci ta fi fitowa a masu ganyen allura da a dogon fari. Kuma a wancan daji, ƙwaron Ips confusus ne ya ƙarasa yawancin fayin ɗin kafin ɗaya daga cikin biyun ya kai ƙarshensa.

Girma shi ne abin da ke fara tsayawa

Ƙwayar katako sabuwa sai ta kumbura da ruwa take girma, don haka kaurin gangar jiki na tsayawa tun kafin haɗa sukari ya tsaya. Idan aka huda bishiya da ƙarfen ɗebo samfur aka zaro siririn katako daga ɓawo zuwa tsakiya, za a ga zoben katakon da bishiya ke ƙarawa kowace shekara, kuma shekarar fari za ta fito a matsayin zobe siriri, wani lokacin kuma babu zoben sam a wani gefe na gangar. Sau da yawa ana ganin zoben ƙarya: bishiya ta tsaya a tsakiyar lokacin girma, ta yi ƙwayoyi ƙanana masu kauri kamar shekara ta ƙare, ruwa ya sauka ta ci gaba. Mai ƙirga zobe da bai kula ba sai ya ƙara wa bishiyar shekara.

Tambayarka ta ƙarshe, wato jinkirin mutuwa, tushenta a nan yake. A yawancin fayin da sifurus na ƙasashen sanyi, reshen da zai fito baɗi an riga an tsara shi a cikin tohon bana, har da adadin allurai. Fari ya kama bana, reshen baɗi zai fito gajere da allurai kaɗan, ko da baɗin ta yi ruwa. Sannan allurar ba ganyen shekara ɗaya ba ce: fayin na Turai, Pinus sylvestris, na riƙe allurarsa shekara 2 zuwa 4, sifurus kuwa 5 zuwa 7. Bishiyar da ta zubar da tsofaffin allurai don rage asarar ruwa tana buƙatar shekaru kafin kanta ya cika. A ƙasa kuma ƙananan saiwoyi masu shan ruwa sun mutu, sai an sake gina su da ɗan sukarin da ya rage. Wani babban nazari da aka wallafa a 2015 a kan zoben itatuwa daga wurare masu yawa ya gano cewa girma na kasancewa ƙasa da yadda ake tsammani har shekara 1 zuwa 4 bayan fari mai tsanani, kusan kashi 9 cikin ɗari a shekarar farko da kashi 5 a ta biyu, kuma dangin fayin na cikin waɗanda abin ya fi daɗewa a jikinsu. Idan fari na biyu ya faɗo a cikin wannan tazara, ya tarar da bishiyar da ba ta gama biyan bashin na farko ba.

A kwarin Valais na ƙasar Suwizalan, wanda yake cikin wurare mafiya ƙarancin ruwa a tsaunukan Alf, an fara ba wani dajin fayin ruwa tun 2003 don a ga bambanci. Bishiyoyin da aka shayar sun yi allurai masu tsayi da kai mai cika da zobe mai kauri. Da aka yanke wa wani sashe ruwan bayan shekara goma sha ɗaya, kaurinsu bai faɗi nan take zuwa na waɗanda ba a taɓa shayarwa ba. Ya ɗauki shekaru. Jinkirin na aiki ta fuska biyu ke nan. A kwarin kuma akwai kauci a kan fayin ɗin, kuma kauci ba ya rufe kafofinsa yadda bishiyar ke yi. Tana tsimi, shi yana sha.

Ƙwaron ɓawo

A nan ne mafi yawan mutuwar ke faruwa, don haka ya kamata a duba shi da kyau. Ɗauki Ips typographus, mai cin sifurus a Turai. Tsawonsa milimita 4 zuwa 5 da ɗan wani abu, launinsa ƙasa-ƙasa mai duhu. Yana fara tashi idan zafin rana ya haura digiri 16 da rabi, galibi a watan Afrilu ko Mayu. Namiji ne ke fara huda ɓawo ya yi ɗan ɗaki, ya saki wari da ke kiran mata da sauran maza. Mace ta haƙa rami a tsaye tsakanin ɓawo da katako tana jera ƙwai gefe da gefe, tsutsotsi su ƙyanƙyashe su ci gaba da haƙa a kwance. Wannan siririn sashe da suke ci shi ne hanyar da sukari ke bi daga ganye zuwa saiwa. Ramukan suka zagaye gangar, an yanke wa saiwa abinci. Ƙwaron kuma na shigowa da wata fumfuna a jikinsa da ke shiga katako ta mai da shi shuɗi-shuɗi, ta toshe hanyoyin ruwan da suka rage.

Makamin bishiya ƙaro ne. Lafiyayyar bishiya, ƙwaro na hudawa sai ƙaro ya kwararo ya cika ramin, ya turo shi waje ko ya binne shi a ciki. Ƙaro kuwa da sukari ake yin sa, da matsin ruwa yake gudana, kuma fari ya taɓa duka biyun. Idan ka tsaya a gindin fayin da aka kai wa hari, abin da ke jikin ɓawon zai gaya maka yadda faɗan ya kaya. Dunƙulen ƙaro babba, fari ko ruwan madara, alama ce bishiyar ta kori ƙwaron. Dunƙule ƙarami mai ja-ja gauraye da garin ɓawo, ƙwaron ya shiga. Babu ƙaro sam, sai gari mai laushi launin ƙasa a cikin tsagogin ɓawo da saƙar gizo da kan ganyen ciyawar gindi, wannan bishiyar ba ta ma iya ɗaga hannu ba. Ka sa wuƙa ka ɓare ɓawon tafin hannu guda, za ka ga ramukan a zane da farar tsutsa a ƙarshen kowane.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne kan bishiyar na nan kore a wannan lokaci. Sai bayan makonni, wani lokacin watanni, allurar ke komawa ruwan ɗorawa sannan ja. Kafin ta yi jan da ka gani a hoto, ƙwaron ya gama girma ya fita ya shiga maƙwabta. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro mako 7 zuwa 10 ne, zafi na rage kwanakin. A shekara mai sanyi a kan tudu zuriya ɗaya ake samu, a shekara irin 2018 kuwa an samu har uku a wurare masu ƙasa-ƙasa. Ma'aikatan daji a Jamus na lissafin cewa ƙwaron da ya fita daga bishiya ɗaya na iya kama wajen 20. Ka maimaita wannan ninki zuriya uku a jere ka ga inda aka dosa. Da yawansu ya kai wani mataki kuma, ba sa neman mai rauni; suna taruwa dubbai a kan lafiyayyar bishiya har ƙaronta ya ƙare. Shi ya sa annobar ke ci gaba shekara biyu ko uku bayan ruwa ya dawo.

Ba ƙwaro kaɗai ba ne. Akwai fumfunar Diplodia da ke zaune shiru a jikin fayin sai ya raunana ta kashe kan rassa, da Armillaria da ke cin saiwa. Amma ɓarnarsu ba ta kai ta ƙwaro sauri ba.

Kalifoniya da Jamus: dajin da fari ya tarar

Farin Kalifoniya ya ɗauki 2012 zuwa 2016. Tsaunukan Siyera Nebada da dusar ƙanƙara suke rayuwa, ita ce ke narkewa a hankali ta jiƙa ƙasa a watannin da ba a ruwa, kuma a farkon Afrilun 2015 dusar da aka auna kashi 5 cikin ɗari ce kawai ta abin da aka saba. Shekara biyu na farko dajin bai nuna komai ba sosai, saboda saiwoyin na shan ruwan da ke cikin ruɓaɓɓen dutse a ƙasa mai zurfi. Bincike ya nuna sun busar da wannan ajiya har zurfin mita 5 zuwa 15. Da ta ƙare, a 2015 da 2016, mutuwar ta zo gaba ɗaya. Hukumar gandun dajin Amurka ta ƙiyasta bishiyoyi miliyan 129 da suka mutu a jihar daga 2010 zuwa ƙarshen 2017. A filayen gwaji na tsakiya da kudancin tsaunukan, kusan tara cikin goma na fayin ɗin Pinus ponderosa sun mutu, kuma manya suka fi tafiya: tsayi na ƙara musu wahalar jan ruwa, kansu na cikin rana da iska, ƙwaron kuma ya fi son ɓawo mai kauri. Manyan sikwaya kuwa, wato ƙattin itatuwan da tsaunukan suka yi suna da su, sun zubar da ganye mai yawa a 2014, amma kaɗan ƙwarai ne farin ya kashe. Wuta ce ta yi musu ɓarna daga baya, a 2020 da 2021.

Sai dai ba ruwan sama kaɗai za a zarga ba. Dajin nan a da ƙaramar wuta ke ratsa shi kowane 'yan shekaru, ta tsawa da wadda 'yan asalin yankin ke kunnawa, tana cinye ƙananan tsiro ta bar manya a warwatse. Tun farkon ƙarni na 20 aka ɗauki manufar kashe kowace wuta. Da aka kwatanta ƙidayar 1911 da ta 2011 a wasu sassan, an samu bishiyoyin sun ninka sau shida zuwa bakwai, matsakaicin kaurinsu kuma ya ragu da rabi. Ruwan ƙasa bai ƙaru ba, bakunan sha ne suka ƙaru.

Na Jamus ma aikin hannu ne. Sifurus bishiyar tsauni ce mai son sanyi da laima, saiwarta a ƙasa mai tauri ko mai riƙe ruwa ba ta nisa. An dasa ta zalla, duk tsara ɗaya, a wurare masu ƙasa-ƙasa tun ƙarni na 19 da kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, saboda tana saurin girma kuma katakonta miƙaƙƙe ne. A Janairun 2018 guguwa ta kayar da itatuwa masu yawa, ƙwaro ya samu wurin hayayyafa, sai zafi da fari suka biyo a 2018 da 2019 da 2020. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna asarar wajen hekta 500,000 tsakanin Janairun 2018 da Afrilun 2021, kusan kashi 5 cikin ɗari na dajin ƙasar. A 2020 kaɗai, cikin katako kubik mita miliyan 80 da aka sare, wajen miliyan 60 na dole ne saboda ɓarna, fiye da miliyan 43 daga ciki aikin ƙwari. Farashi ya faɗi, aka riƙa loda gungume a kwantena zuwa Sin. Tsaunukan Harz na cikin wuraren da abin ya fi muni.

Nahiyarmu ma tana da nata. Al'ul na tsaunukan Atlas, Cedrus atlantica, ya yi mummunar mutuwa a Belezma da Aures na Aljeriya da wasu sassan Maroko, musamman bayan farin 1999 zuwa 2002, kuma gefen da ke fuskantar Sahara ya fi jin jiki. A ɗaya ɓangaren, a tudun Tassili n'Ajjer kusa da garin Janet a Saharar Aljeriya akwai Cupressus dupreziana, bishiyoyi ɗari biyu da 'yan kai suka rage, wasu sun haura shekara 2,000, a wurin da ruwan shekara bai wuce milimita 30 ba. Suna tsaye a cikin kwazazzabai inda ruwa ke taruwa, kowace nesa da 'yar'uwarta. Tsofaffin na rayuwa, sabon tsiro ne da ƙyar ake gani.

Abin da ake iya yi

Aikin da ya fi tasiri kafin fari ake yin sa: rage cunkoso. A cire raunana da waɗanda aka danne, a bar masu cikakken kai, wato waɗanda rassa masu rai suka rufe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsayinsu. Amfanin na raguwa yayin da dajin ke sake rufewa, don haka sai an maimaita. Kuskuren da ake yawan yi shi ne sara mai yawa a tsakiyar fari: bishiyar da ta girma a inuwa ta wayi gari cikin rana da iska, injin ya danne ƙasa ya raunata saiwa, ɗanyen reshen da aka bari a ƙasa kuma ya zama gidan ƙwaro. Tsohon dajin sifurus da ba a taɓa rage shi ba, aka buɗe shi lokaci ɗaya, iska ce za ta kwantar da shi.

Idan ƙwaro ya shiga, lokaci ne komai. A zagaya kowane mako ko biyu a watannin zafi ana neman garin nan na ɓawo, a ranar da babu ruwa ko iska domin suna share shi. Wadda aka samu a sare ta a fitar kafin ƙwaron ya gama girma, a ɓare ɓawon ko a kai gungumen aƙalla mita 500 daga dajin. Sare wadda ta riga ta yi ja ɓawonta na zuba ba ya rage ƙwaro ko kaɗan, asali ma maƙiyan ƙwaron ne ke cikinta a lokacin. Tarkon wari na nuna lokacin da ƙwaro ya tashi da yawansa, amma ba ya kashe annoba.

Daji ba ya shayuwa, amma bishiya ɗaya mai daraja a gida ko makaranta tana shayuwa. A zuba ruwa a hankali a ƙarƙashin bakin rassa, ba a jikin gindi ba, har ya jiƙa zurfin santimita 30 ko fiye, kimanin lita 15 ga kowane santimita na kaurin gangar, kowane mako biyu zuwa huɗu. A shimfiɗa ciyawa ko ɓawon katako kaurin santimita 5 zuwa 10, kada ya taɓa gindin. Kada a sa takin zamani mai naitirojin a lokacin fari, ganye zai ƙaro wanda saiwa ba za ta iya shayarwa ba.

Bayan mutuwa kuma tsugune ba ta ƙare ba. Shekara ɗaya zuwa biyu jajayen allurai na kan bishiya, suna kama wuta cikin sauƙi. Daga baya su zube, haɗarin wutar da ke bin kan bishiyoyi ya ɗan ragu, sannan cikin shekara goma gangunan su fara faɗuwa su taru a ƙasa. Gobarar Creek ta 2020, wadda ta ci sama da hekta 150,000, a yankin da mutuwar Siyera ta fi yawa ta tashi. Ko daji zai dawo ya dogara ne ga iri da laima. Yawancin irin fayin ba ya faɗuwa nesa da uwa fiye da mita 100, kuma tsiron shekarar farko saiwarsa na cikin ƙasar sama da ta fi saurin bushewa da zafi. A arewacin Arizona, da yawa daga cikin Pinus ponderosa da ake gani yau a shekara guda suka tsiro, 1919, lokacin da iri mai yawa ya haɗu da ruwa mai kyau. A tsaunukan Jemez na Niyu Meziko, inda gobarar Las Conchas ta ci a 2011, manyan filaye sun koma ciyawa da ƙananan itatuwa. Wanda zai sake dashe a irin wannan wuri ya gauraya nau'o'i, ya nemo iri daga yanki mai ɗan fi zafi da bushewa, ya dasa a inuwar kututture ko gungume, ya kuma kare dashen daga dabbobi.

A Najeriya ba mu da dajin fayin na asali, amma akwai na dashe, galibi Pinus caribaea, a wurare irin su Afaka kusa da Kaduna da tudun Jos. Dogon itacen nan mai kukan iska da ake jerawa a bakin hanya ana ce masa fayin, Casuarina ne, ba ya cikin wannan dangi. A gonar fayin ta savana, rani na wata biyar zuwa shida duk shekara yake zuwa, don haka abin tambaya shi ne ruwan da ƙasa za ta iya riƙewa daga Oktoba zuwa Afrilu. Kafin dashe a haƙa rami a duba zurfin ƙasa. Inda marmara ke kusa da sama, dashen zai yi kyau shekarun farko, sai kansa ya rufe buƙatar ruwa ta ƙaru sannan ya fara bushewa daga sama a bazara. Tun a wurin reno a gauraya ƙasar leda da ƙasar gindin tsohon fayin, domin saiwarsa na buƙatar wata fumfuna mai amfani da ke taimaka mata shan ruwa da abinci, kuma ƙasarmu ba ta da ita da kanta; ba tare da ita ba tsiron zai tsaya ya yi ruwan ɗorawa. A dasa da zarar damina ta kankama don saiwa ta yi nisa kafin hunturu, a yi noman ciyawa sosai shekara biyu zuwa uku na farko saboda gamba da tofa sun fi ƙaramin fayin iya tsotse ƙasa. Tazarar mita 3 da 3 na ba da dashe 1,111 a hekta, kuma wannan adadin farawa ne. Da rassa sun haɗe, na ƙasa sun fara mutuwa, lokacin rage su ya yi. A share hanyar tare wuta a kewayen gonar kafin ciyawa ta gama bushewa a Nuwamba, domin allurar da ta taru a ƙasa na kamawa da wuri.